Atrium: daga zauren Rumawa zuwa ɗakin zuciya, tambayoyi da amsoshi

Kalmar atrium tana cikin kalmomin Turanci da mutum kan ci karo da su a wuraren da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ɗalibar makarantar jinya tana haddace ta a darasin zuciya. Ɗalibin zanen gine-gine yana rubuta ta a kan taswirar otal. Wanda aka yi wa hoton zuciya a asibiti kuma ya gan ta a takardar sakamako, ya rasa wanda zai tambaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan mutane suka fi maimaitawa.

Mece ce ma'anar atrium a taƙaice?

Ma'anoni uku take ɗauke da su, kuma ta farkon ce ta haifi sauran biyun. A gidajen Rumawan dauri, atrium shi ne babban ɗakin da baƙo yake tararwa da zarar ya shige ƙofar gida, mai buɗaɗɗen rufi a tsakiya. A ilimin sassan jiki, shi ne kowane ɗaya daga cikin ɗakuna biyu na saman zuciya, inda jini yake fara sauka idan ya dawo. A ginin zamani kuwa, fili ne a cikin gini da ya tashi daga ƙasa ya ratsa benaye har sama, yawanci a rufe da gilashi don haske ya sauko, irin wanda ake gani a manyan otal-otal da kantuna.

Duka ukun wuri ne da ake tarbar mai shigowa kafin a wuce da shi ciki. Wanda ya riƙe wannan ba zai sha wahalar sauran bayanin ba.

Yaya ake furta ta, kuma mene ne jam'inta?

Masu Turanci suna cewa "eitiriyam", da ƙarfin murya a gaɓar farko. Jam'inta iri biyu ne: atria, wanda ya biyo tsarin Latin, da atriums, wanda ya biyo na Turanci. Likitoci kusan ko da yaushe atria suke cewa, masu gine-gine kuwa suna amfani da duka biyun. Siffar da aka ciro daga kalmar ita ce atrial, kuma ita ce aka fi gani a takardun asibiti, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi sakamakon gwaji.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Latin ce tsantsa, harshen Rumawa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, a rubuce-rubucen da ke bayanin gidajen Rum. Amma inda su Rumawan suka samo ta, wannan tun a zamaninsu ake saɓani a kai.

Malamin harshe Varro, wanda ya rayu daga shekara ta 116 zuwa ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce sunan ya fito ne daga garin Atria na mutanen Etruska da ke arewacin Italiya, wai daga wurinsu aka koyo wannan salon gini. Garin yana nan har yau da sunan Adria, kuma shi ne ya ba Tekun Adriyatik sunansa. Wani malamin mai suna Servius, wanda ya zo wajen shekara ta 400 Miladiyya, ya ce a'a, daga ater take, wato baƙi, domin a nan murhun gida yake, hayaƙi ya turnuƙe rufin har ya yi baƙi ƙirin.

Bayanin Servius ya fi shiga rai, musamman ga duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ɗakin girki na itace ya ga kunkunniya ta lulluɓe azara. Sai dai a gidajen da aka tono a Pompeii, wani tsohon garin Rumawa a Italiya, madafa tana da wurinta daban, nesa da atrium. Idan maganarsa gaskiya ce, to tana nuni ne ga wani zamani da ya riga wannan da nisa, lokacin da gidan duka ɗaki ɗaya ne da wuta a tsakiya. Masana harshe na yau ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, amma da yawansu sun karkata ga cewa aro ce daga harshen Etruska, tun da Rumawa sun ɗauki abubuwa da dama na gini da addini daga wurinsu.

Yaya atrium na gidan Rumawa yake a zahiri?

Mun san kamanninsa sosai saboda dutsen Vesuvius, wanda ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum, gidajensu suka zauna ƙarƙashin toka har aka tono su. Daga titi za ka shiga wani siririn lungu, sai ka ɓulla a wani dogon ɗaki mai duhu-duhu, haske yana zubowa daga wata kafa mai kusurwa huɗu a tsakiyar rufi. Sunan kafar compluvium. Rufin ya karkato ciki ta kowane ɓangare, saboda haka idan aka yi ruwa, sai ya gangaro ta indararo ya zuba a wani ɗan kwarmi da aka shafe da dutse a ƙasa, mai suna impluvium. Daga nan ruwan ya sille zuwa wata ma'ajiya ƙarƙashin daɓe, inda ake ɗiba da guga ta wani ɗan baki irin na rijiya. Kafin a kawo ruwan famfo garin, da wannan ruwan gidan yake sha yake wanka.

Ƙananan ɗakunan kwana suna kewaye da shi. Daga can ƙurya, daidai saitin ƙofar gida, akwai ɗakin maigida mai suna tablinum. Kowace safiya mutanen da ke ƙarƙashin inuwarsa, da bayin da ya 'yanta, da masu neman alfarma, sukan taru a atrium su jira a shigar da su gaisuwa, wasu su tafi da ɗan abin sakawa a aljihu. Girman mutum a gari yana bayyana ne daga yawan waɗanda suka cika masa atrium da sassafe. Shi ya sa ake barin ƙofa a buɗe, don mai wucewa ya hango.

A nan ne kuma gida yake baje abin da yake alfahari da shi. Akwai akwatin kuɗi mai ɗaurin ƙarfe da aka kafe a ƙasa. Manyan gidaje suna da fuskokin kakanni da aka ƙera da kakin zuma, a ajiye cikin kabad, ana fito da su ranar jana'iza. Sau da yawa akwai ɗan wurin gumakan gida, da masaƙar uwargida, domin saƙar ulu alamar mutuncin mace ce a wurinsu. Idan wani ya rasu, a nan ake shimfiɗe gawarsa, ƙafafu suna fuskantar ƙofa.

Duk atrium ɗin Rumawa iri ɗaya ne?

A'a. Magini Vitruvius, wanda ya rubuta littafinsa na gini ya sadaukar da shi ga sarki Augustus, ya lissafa iri biyar a kashi na shida na littafin. Akwai na Tuska, wanda ba shi da ginshiƙi ko ɗaya, manyan katakai ne suke riƙe da rufin daga bango zuwa bango. Sunansa ma yana ƙara wa maganar Varro ƙarfi, wadda aka kawo a amsar asalin kalmar, domin Tuska wani suna ne na mutanen Etruska. Akwai mai ginshiƙai huɗu a kusurwoyin kwarmin ruwa, da na Koranti mai ginshiƙai da yawa, da wanda rufinsa ya karkata waje don ruwa ya zuba a bayan bango. Na biyar a rufe yake ruf, ana ce masa testudinatum, daga sunan kunkuru. Wani katafaren gida a Pompeii da ake kira Gidan Faun, mai faɗin kusan murabba'in mita 3,000, yana da atrium biyu, ɗaya na Tuska, ɗaya mai ginshiƙai huɗu.

To me ya kai sunan ɗakin gida cikin zuciya?

Kamance ne. Zuciyar ɗan'adam ɗaki huɗu ce, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jinin da ya zaga jiki ya gaji yakan dawo ta manyan jijiyoyi biyu ya sauka a atrium na dama. Jinin da ya ɗebo iskar oksijin daga huhu yakan dawo ta jijiyoyi huɗu ya sauka a na hagu. Daga kowannensu jinin zai bi ta wata ƙofa mai marfi ya shiga ɗakin ƙasa, wato ventricle, wanda shi ne mai kaurin tsokar da ke tunkuɗa shi waje. Babu jinin da ke shiga ɗakin ƙasa bai ratsa ta na sama ba, kamar yadda babu mai isa wurin maigida a Rum bai tsaya a atrium ba.

Wannan ma'anar ta zauna a Turanci ne a ƙarni na 19. Abin da ya ƙara kafa ta shi ne taron masana sassan jiki da aka yi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1895, inda aka daidaita sunayen sassan jiki da Latin don kowa ya riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Jamusawa sun bi wannan tunani a harshensu, suna ce wa ɗakin Vorhof, wato farfajiyar gaba.

Wani littafi ya ce auricle, wani ya ce atrium. Abu ɗaya ne?

A da abu ɗaya ne, yanzu an raba su, kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa a jarrabawa. Auricle daga Latin take, ma'anarta ɗan kunne. Tsofaffin littattafan Turanci suna kiran ɗakin sama gaba ɗayansa da wannan suna. A tsarin yanzu atrium shi ne ɗakin, auricle kuwa wata 'yar jaka ce mai tamoji da ta fito daga jikinsa. Larabci har yau yana kan tsohon kamancen: uzain, ɗan kunne, shi ne ɗakin sama, buɗain, ɗan ciki, shi ne na ƙasa. Ita ma ventricle ɗan ciki take nufi a Latin.

Gani ya kori ji. Ranar layya, kafin a yanka zuciyar rago, ka wanke ta ka riƙe ta da tsininta a ƙasa. A samanta, inda kitse ya taru kusa da gindin manyan jijiyoyi, za ka ga wasu 'yan fatu biyu masu laushi sun kwanto, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar kunnen ɗan kwikwiyo. Su ne auricle. Ka tura yatsa ta jijiyar da ke kusa, za ka ji ka shiga wani ɗaki mai siririn bango, shi ne atrium. Ka matsa ƙasan zuciyar ka ji yadda naman yake da kauri da tauri. Minti biyu da zuciya a hannu ya fi min shafi goma na zane.

Dalilin da ya sa magabata suka tsaya a kan kunne shi ne ba su ɗauki ɗakunan sama a matsayin cikakkun ɗakuna ba. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, yana ganin ƙarshen jijiyoyi ne kawai da suka faɗaɗa. William Harvey, likitan Ingila da ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki a littafinsa na 1628, ya lura a jikin dabbobi cewa su ne suke fara motsi kafin ɗakunan ƙasa su amsa, kuma idan zuciya za ta tsaya, na dama ne yake zama na ƙarshen daina bugawa.

Karɓar jini kaɗai ne aikin atrium?

Sunan ya ɗan rage masa daraja. Gaskiya ne bangonsa siriri ne, 'yan milimita kawai, kuma mafi yawan jinin da kansa yake gangarawa ɗakin ƙasa. Amma a ƙarshen kowane zagaye atrium yakan matse ya ƙarasa turo ragowar, kimanin kashi 20 cikin 100 ga mai lafiya da ke zaune.

Babban aikinsa ma shi ne bayar da umarni. A bangon atrium na dama, kusa da inda babbar jijiyar sama take shigowa, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke haifar da lantarkin da ke fara kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da yake hutawa. Arthur Keith da Martin Flack ne suka gano shi a 1907, shekara ɗaya bayan Sunao Tawara, ɗan ƙasar Japan, ya bayyana curi na biyu da ke miƙa saƙon zuwa ɗakunan ƙasa. A takardar gwajin ECG, mai zana lantarkin zuciya, ɗan tudun farko da ake kira P shi ne sawun wannan lantarki yayin da yake ratsa ɗakunan sama. A 1981 kuma Adolfo de Bold ya gano a Kanada cewa bangon atrium yana ɗauke da wani sinadari da ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa; yakan sake shi idan jini ya yi yawa ya buɗa bangon.

Na ga atrial a takardar sakamakona. Me ake nufi?

Ya danganta da kalmar da ta biyo baya. Atrial fibrillation na nufin lantarkin ɗakunan sama ya rikice, sun daina matsewa a tsare sun koma karkarwa, bugun zuciya ya zama ba shi da ƙa'ida. Hatsarinsa shi ne jini yakan kwanta a 'yar jakar nan ta hagu da aka yi bayani a amsar auricle, ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai wannan matsala ya fi wanda ba shi da ita hatsarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, shi ya sa likita kan rubuta wa da yawansu maganin tsinka jini. Don Allah kada wanda aka rubuta wa ya daina sha don ya ji sauƙi, sai da sanin likitansa.

Atrial septal defect rami ne a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, wanda ake haihuwar yaro da shi. Kowane ɗan tayi yana da wata kafa a wannan bango, domin huhunsa bai fara aiki ba, jini yana tsallake shi. Bayan haihuwa takan rufe, ko da yake a wurin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ta liƙewa gaba ɗaya, kuma yawanci ba ta yin illa. Ramin da ya yi girma ne ake toshewa.

Idan kuma an rubuta cewa atrium na hagu ya faɗaɗa, alama ce ta cewa ya daɗe yana fama da matsi. Hawan jini na shekaru yana jawo haka. Haka ma ƙuncewar ƙofar da ke ƙarƙashinsa, wadda sau da yawa asalinta ciwon maƙogwaro ne da ba a magance ba a yarinta, cutar da har yanzu take addabar matasa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Duk dabbobi suna da atrium biyu?

Kifi ɗaya gare shi, da ɗakin ƙasa ɗaya. Kwaɗo yana da biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Tsuntsaye, da dabbobi masu shayarwa, da kada, suna da ɗakuna huɗu cif, biyu a sama, biyu a ƙasa.

Yaya kalmar ta tsallako daga Rum zuwa otal-otal na yau?

Ta fara bi ta coci. Manyan majami'un farko, irin tsohuwar majami'ar Bitrus da aka gina a Rum a ƙarni na 4 zamanin sarki Constantine, suna da fili a gaba kewaye da rumfuna, da wurin ruwa a tsakiya inda masu ibada suke wanke hannu kafin su shiga. Shi ma atrium ake ce masa. Majami'ar Sant'Ambrogio da ke Milan tana da nata har yau.

A ƙarni na 19, da ƙarfe da gilashi suka yawaita, sai ya yiwu a rufe babban fili ba tare da an tare haske ba. Ginin Bradbury na Los Angeles, wanda aka kammala a 1893, misali ne mai kyau. Amma wanda ya sa kalmar ta shiga bakin kowa shi ne John Portman, mai zanen gine-gine ɗan Amurka, da otal ɗin Hyatt Regency na Atlanta da aka buɗe a 1967, mai fili na hawa 22 a tsakiya, ɗakuna suna kewaye, lif na gilashi yana hawa da sauka a idon jama'a. Daga nan aka shiga gasa. Na Burj Al Arab a Dubai ya kai mita 180, na ginin Leeza SOHO a Beijing, wanda aka buɗe a 2019, ya kai mita 194.

Irin wannan fili yana da nasa haɗari. Idan gobara ta tashi yakan zama kamar bututun hayaƙi, ya kai shi kowane bene cikin ƙanƙanen lokaci, don haka dokokin gini suke tilasta hanyoyin zuƙe hayaƙi. Kuma a 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City, gadojin tafiya da aka rataye a cikin atrium suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. Har yau ana karantar da wannan a darasin injiniya.

Akwai wasu kalmomin gini da suka shiga jiki haka?

Suna da yawa, kuma aron ya tafi ta ɓangare biyu. Vestibule, wato mashigar gida, sunan wani sashe ne a cikin kunne. Septum, tushen kalmar septal da aka ambata a amsar sakamakon gwaji, shinge take nufi. Thalamus na ƙwaƙwalwa ɗakin ƙurya ne a harshen Girka, fornix kuma baka ce irin ta gini. Ita kanta cell, ƙwayar halitta, ɗan ɗaki ce, Robert Hooke ya raɗa mata sunan a 1665. Su kuma Rumawa daga jiki suka aro wa gidansu suna: siririn lungun da ke kai mutum atrium fauces suke ce masa, wato maƙogwaro, lungunan gefe biyu kuma alae, fukafukai. Mu ma haka muke yi, muna da bakin ƙofa da cikin gida, muna da ƙofar hanci.

Yaya ya fi dacewa a faɗi atrium da Hausa?

Na gidan Rumawa babu kalma ɗaya da ta rufe shi, domin ya haɗa abubuwa biyun da ginin Bahaushe ya raba. Ta fuskar aiki zaure ne: nan baƙo yake tsayawa, nan maigida yake karɓar gaisuwa. Ta fuskar siffa kuwa tsakar gida ne: sama a buɗe, ɗakuna a kewaye, mata suna aikinsu. Bahaushe ya sa katanga da shigifa tsakanin waɗannan biyu don suturta iyali, Rumawa kuwa so suke mai wucewa ya leƙo. Mai fassara sai ya duba wanne ɓangare jimlar take nufi. Na ginin zamani ana iya cewa farfajiyar cikin gini mai rufin gilashi.

A zuciya, abin da aka saba shi ne ɗakin sama na dama da ɗakin sama na hagu, kuma ba laifi. Ni dai na fi son zauren zuciya, saboda yana ɗauke da aikin a cikin sunan. A takardar jarrabawa ɗalibi ya rubuta atrium yadda aka koya masa. Amma ma'aikaciyar jinya da ke gaban dattijon da aka ce bugunsa ya rikice tana iya cewa: "Baba, zuciyarku kamar gida ce mai zaure biyu da ɗaki biyu. Zauren ne yake karkarwa maimakon ya tura jinin ciki, sai jinin ya kwanta a lungu. Wannan ƙwayar ita ce za ta hana shi daskarewa, ku riƙa shan ta kullum yadda likita ya rubuta."